Rakiyar Baƙon Yamai

Shekarar da doka ta zo daga Yamai cewa ba mai sayen gyaɗa a hannun manoma sai wanda yake da babban sikeli da motar kaya, Issa ya san an toshe masa hanyar abinci. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi. Yakan kora jakunansa zuwa ƙauyukan Dogon Kiriya, inda rairayi ba ya barin mota ta shiga, ya auno gyaɗa da kwanon tiya, ya kawo Dogon Dutsi ya sayar. Idan dokar nan ta zauna, shi da jakunan duk sun zama ƴan zaman kashe wando.

Sai ya kai kukansa ƙungiyar ƴan kasuwar gari, shi da ire-irensa masu jakuna da raƙuma. Ita kuwa ƙungiyar nan, tun da aka kafa ta bayan samun ƴancin kai, ba ta taɓa tsinana wa kowa komai ba. An ji ana kafa irinta a manyan garuruwa ne, aka ce mu ma kada a bar mu a baya. Aikinta cin goro da gardamar wa zai hau kujera, wa zai zauna tabarma. Shugabanta Alhaji Ɗanmalam, mai motar kaya da tumbi, mutumin da tun da ya dawo daga Makka ba ya iya neman ko ruwan sha sai ya yi gyaran murya.

Alhaji ya saurare su, ya bugi ƙirji.

"Wagga doka ba ta zama," in ji shi. "Wakilin gwamnati na nan tahe daga Yamai. Ni da bakina zan hwaɗa mishi a bar masu jakkai su ci abinci. In ban hwaɗi ba, ku tuɓe mini rawani."

Issa ya koma gida da murna, har ya ce wa matarsa Hure ta kwantar da hankalinta, manya sun shiga maganar.

Aka yi ta zaman shiri. Rabin zaman ya tafi kan ragon da za a yanka, sauran kan maroƙin da za a kira. Da Issa ya ga ba a ko taɓo zancen gyaɗa ba, sai ya ce shi a ganinsa, baƙon yana zama a faɗa masa, tun hankalinsa na wurin. Aka bi shi da kallo kamar wanda ya shiga masallaci da takalmi.

"Kai Issa, zama da jakkai ya ɓata ka," in ji Alhaji. "Baƙo shi zo garinka, ko ruwa bai sha ba, ka tarbe shi da kuka? Ubanninmu ba haka sunka yi ba. A ci, a sha, a gaisa. Magana sai wurin rakiya."

Gaskiya ne, haka Arewa ta gada. Babban baƙo ba a roƙonsa a gaban jama'a. Sai ya ci ya ƙoshi ya tashi tafiya, mai masauki ya kama masa linzamin doki, su taka a hankali har bayan gari, a can ne ake sauke murya a faɗi abin da ya sa aka yanka ragon. Issa ya san wannan sarai, shi ya sa ya haƙura, ko da yake zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Ranar ta zo. Baƙon wani siririn matashi ne cikin kwat, ɗan lakwal, wato ɗan boko, Hausarsa ma a tsintsince take. Direbansa ya ga inuwa a bakin rumfar taron, ya kafe motar nan daidai bayan kujerar maigidansa. Ba wanda ya kula, duk hankali yana kan nama. Maroƙi ya wasa baƙon har ya ba shi kakannin da bai taɓa ji ba. Alhaji ya tashi ya gode wa gwamnati, ya gode wa ƴanci, ya gode wa motar da ta kawo baƙo lafiya.

Da aka wanke hannu, baƙon ya dube su ya ce, "Ƴan kasuwa, akwai damuwa da kuke so in kai Yamai?"

Issa ya gyara zama. Ga ƙofa an buɗe musu da rana tsaka.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya ari kalmar girmamawa ta Faransanci. "Sai alheri, mushe. Gwamnati ta gama muna komi."

"Sai alheri!" manyan riguna suka amsa baki ɗaya.

Issa ya yunƙura zai tashi, na kusa da shi ya finciko masa riga. "Zamna! Ba a kai wurin ba tukuna."

Baƙon ya yi murmushi, ya dubi agogo, ya ce mutanen Tibiri na jiransa. Ya miƙe, ya ba Alhaji hannu, ya juya, ga ƙofar mota a buɗe. Rakiyar ke nan gaba ɗayanta. Kafin Alhaji ya laluba takalminsa a ƙarƙashin kujera, direba ya tayar.

Abin da ya biyo baya, yaran gari sun daɗe suna kwaikwayonsa. Shugabannin ƙungiya suka tattare riguna suka bi mota da gudu, Alhaji a gaba, hannu ɗaya dafe da rawani, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana "Mushe! Mushe!" Baƙon ya waiwayo ta taga, ya ga dattawa suna gudu saboda shi, abin ya burge shi, ya ɗaga musu hannu. Tumbi ya tsayar da manyan tun kafin su fita kasuwa. Issa ne kaɗai ya ci gaba, yana ihun gyaɗa da jakuna, har ya wuce gidan mishan, har motar ta sha kwana bayan dutse. Ya durƙusa a bakin hanya yana haki.

Kaka ta yi, aka buɗe cinikin gyaɗa, doka tana nan daram. Har labari ya zo cewa an yaba wa ƴan kasuwar Dogon Dutsi a Yamai, wai mutane ne marasa fitina. Alhaji da masu motoci suka sami izini, suka kafa sikelinsu, kuma ba wanda ya ga alamar abin ya hana su barci. Issa ya riƙe jakunansa har ciyawar da ya tara ta ƙare, sannan ya fara kora su kasuwar Matankari ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya kai na ƙarshe, Hure ta karɓi igiyar ta rataye.

Bayan ciniki ya lafa, ƙungiya ta zauna don duba inda aka yi kuskure. Bayan doguwar shawara suka gano laifin direba ne. Baɗi, in baƙo ya zo, za a sa a ajiye motar can bayan gari. Saura kawai a daidaita ko gindin kuka ko bakin rijiya.

Issa ya miƙe daga kan tabarma.

"Alhaji, ka ce in ba ka hwaɗi ba a tuɓe maka rawani. Mutumin ga da bakinai yat tambaye ku."

Alhaji ya tauna goronsa a tsanake, ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Issa, wanga zama na ƴan kasuwa na. Kai yanzu hwataucin mi kaka yi?"

Issa ya sunkuya ya ɗauki takalminsa. Yana fita ya ji wani yana cewa shi dai bakin rijiya ya fi masa, don akwai inuwa.