Yatsan Malam Mahamud

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Malam Mahamud, magana ta ɗauke masa. Shekara talatin ya yi a gidan waya na Damagaram yana buga saƙo da Morse, wato ƙara gajera da doguwa a madadin haruffa. Yanzu ko ruwa yake so sai dai ya nuna da ido.

'Yarsa Ummul Khairi, mai koyar da fizik a lise, wato babbar sakandare, ita ta fara lura. Duk sanda ta kawo masa kunu, sai yatsansa na hagu ya yi ta ƙwanƙwasa hannun kujera. Ta ɗauki sautin a salularta, ta shiga mota zuwa Mirriya wajen Yusufu, tsohon abokin aikinsa, wanda ciwon gwiwa ya hana shi fita.

Yusufu ya saurara sau biyu, ya cire tabarau.

"'Yata, ai magana yake yi. Cewa ya yi kunun da zafi."

Ta yi dariya, sai kuma kuka ya ƙwace mata.

Yusufu na da tsohuwar radiyon aikawa da karɓa a ɗakinsa. Ya zana mata yadda ake haɗa ƙaramar na'urar aikawa, ya ba ta wasu kayan. Ta nemo takardar izinin aika saƙo ta radiyo, ta kwance radiyoyi biyu da suka mutu, ta naɗa siririyar waya a jikin guntun roba, ta liƙe komai da dalma cikin gwangwanin sardin. Na'urar farko ta ƙone, gida ya ɗauki ƙauri. Ta biyu ta tashi, duk da ƙarfinta bai kai na tocila ba. Maɓallin bugawa kuwa da karyayyen zarto ta yi shi. Ta ja doguwar waya daga soro zuwa dogonyaron ƙofar gida.

Ranar Asabar bayan la'asar ta ajiye maɓallin a cinyar mahaifinta. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya fara bugawa. Can sai radiyon karɓa da ta ajiye a gefensu ta fara ƙara a hankali, amsa daga Mirriya. Rabin fuskar tsohon ya yi murmushi.

Kusan awa guda suna yi kafin salularta ta yi ƙara.

"Baba Yusufu, me yake cewa?"

"Wai hannuna ya lalace, ina ta kuskure," in ji Yusufu. "Ya kuma ce liƙin dalmarki ya yi kyau. Wai ki zauna ya koya miki, yana da maganganu da ke waɗanda ba na kunnena ba ne."

Ummul Khairi ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna. Malam Mahamud ya kamo yatsanta, ya ɗora a kan maɓallin, ya danna sau ɗaya gajere, sau ɗaya da tsawo: harafin A ke nan, darasin farko.