Shafi na Huɗu da na Sha Uku

…kuma ai ba laifinta ba ne. Ko laifinta ne? Shekara ashirin da shida tana ninke takarda a maɗaba'ar nan, a kan teburin nan mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da tsohuwar kalanda — shekara ashirin da shida, a ce yau ita ce da wannan kwaɓa? Inna guda! Wadda ko Oga ba ya ɗaga mata murya. Hannun dai yana ta aikinsa, ba ruwansa: ɗauko falle, haɗa kusurwa, danne da ɗan ƙashin nan mai santsi, juya, danne, juya, danne. Shafi goma sha shida sun shige cikin juna. Na gaba. Saura nawa? Tulin ya yi ƙasa, bai fi bakwai ba.

Littafin waƙoƙi, wai. Ranar da aka kawo aikin har dariya ta yi. Waƙa babu amsa-amo, babu ko suna a saman kowacce, layi uku a tsakiyar shafi, sauran duk fari fat — ɓarnar takarda ke nan tsagwaronta. In da yaronta ne ya cika littafin makaranta haka, da ya sha rankwashi. Ita da ta saba da rasit da katin biki da littafin lissafi na 'yan aji uku, wanda ba a barin ko wurin ajiye yatsa… Kuma marubuciyar, wata 'yar siririyar malamar makaranta mai gilashi, sai sannu take ta yi wa kowa har da injin yanka. An ce mijinta ya rasu bara. Allah ya ji ƙansa. To amma takarda me ta yi?

Sai ido. Shi ido ba ya jin magana. Hannu na ninki, shi yana kiwo. Akwai wata a kan tururuwa da ke jan ƙwayar hatsi ta haye tabarmar masu zaman makoki, ba ta san an yi mutuwa ba. Layi huɗu kacal — amma ta tsaya mata a rai har azahar. Akwai ta bishiyar da aka sare don faɗaɗa titi, mutane suka ci gaba da tsayawa a wurin suna jiran mota, cikin rana, a inuwar da babu. Wannan kam gaskiya ce, ita ma tana tsayawa a irin wurin! Ya aka yi yarinyar nan ta gani? Ashe farin da aka bari ba ɓarna ba ne, wuri ne aka ba mutum ya zauna ya numfasa. Ba ta faɗa wa kowa ba, don kada a ce Inna ta tuba.

Saura shida.

Shi kaɗai ta faɗa wa, mijinta. Baƙin Hannu — sunan da ma'aikata suka laƙaba masa ke nan, don shekara talatin yana kan injin bugu, tawada ta ƙi barin farcensa ko da sabulu ya yi kuka. Ita dai Maigida take cewa, in ta so tsokana ta ce Angon Inji. Ga injin can, wani ne a kai yanzu, yana ta ƙara kamar bai san an canja masa miji ba… Wata huɗu ke nan. Da safe ne, yana ɗaura agogo, agogon ya faɗi, shi ma ya bi shi. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Bencin ƙofar ɗakin asibiti, sanyi kamar ƙanƙara, kwana goma sha ɗaya. Ƙofar ta buɗe, ba shi ba. Ta buɗe, ba shi ba. A'a, bari. Ai ya dawo. Ya dawo da ƙafarsa — to, da ƙafa ɗaya da rabi. Ta hagu ta kumbura ta ƙi shiga takalmi, ya shigo gida riƙe da shi a hannu yana harararsa.

Maganar ce ta maƙale. Mutumin da in ya fara labari sai abinci ya huce, ya koma "ruwa", "to", "ke". Likita ya ce a riƙa yi masa hira, a riƙa sa shi maimaitawa. Hirar me? Ta ba shi labarin Oga da rowarsa har ya ƙare, ta ba shi na maƙwabta har ta fara ɗaukar alhaki. Sai ran nan da la'asar, tana shafa masa mai a hannu, abin ya fito da kansa, don ta ninke shi sau ɗari ya zauna mata a ka:

Na share ƙofar gida sau biyu yau.
Na ajiye kofinka inda hannunka zai kai.
Hadari ya haɗo, tsuntsaye sun koma,
kowa ya koma,
ni ina bakin ƙofa —

Ya tsura mata ido. Ta ci gaba, yadda ta gani a fallen, daga wannan shafi zuwa na kusa da shi:

sai ga ka, jiƙe sharkaf,
takalmi ɗaya a hannu,
kana dariya, kana ba wa ruwan sama laifi.

Wayyo, dariyar nan! Da rabin baki, amma dariya ce, tasa ce, ta ainihi, har da tari. Ya ɗaga hannun mai lafiya ya nuna ƙirjinsa. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake — "Ta… takalmi… ɗaya… a hannu." Kalma huɗu a jere! Ta ƙirga. Ta fita tsakar gida wai za ta duba tukunya, alhali ba ta ɗora komai ba, ta yi kukanta na daɗi ta share fuska ta dawo.

Kwana tara ke nan kullum sai an yi. Ita ta ja farkon, shi ya kama ƙarshen. Jiya har "sharkaf" ya faɗa, da ƙarfi, maƙwabciya ta leƙo ko wani abu ya zube.

Saura huɗu. Juya, danne.

To yau fa? Yau malamar za ta zo ganin samfuri, shi ya sa Oga ya ce a ɗinke guda goma a yanke gefensu. Ita ta ɗinke da hannunta, mai yanka ya datse, ya miƙo mata ɗaya yana ƙamshin gam. Kafin a yanke ai ba ya buɗuwa, bakin shafukan a rufe yake. Ta buɗe da zumuɗi kamar yarinya, tana neman waƙarsu. Ga ta, shafi na huɗu… ni ina bakin ƙofa — ta ɗaga ido zuwa na biyar:

har ruwan ya zo, ya wuce.
Na ɗauke kofin.

Shi ke nan. Layi biyu, sai fari.

Ina takalmin? Ina mutumin? Ta yi ta buɗawa — shida, takwas, goma — can ta same shi a shafi na sha uku, a jiƙe, yana dariyarsa a ƙarshen wata waƙa daban, ta shekararsu ta farko da aure. Huɗu da sha uku. Innalillahi. Ai ko wanda ya shigo aikin nan jiya ya san a falle huɗu da sha uku maƙwabta ne, ɗaya da sha shida, takwas da tara — sai an ninke kowa ya koma gidan ubansa. Ita ce ma ke koya wa mutane! Lambar shafin tana nan a ƙasa, 'yar mitsitsiya, ba ta ko kalla ba. Me zai sa ta kalla? Maganar ta haɗu, ba gurbin ɗinki, ba tangarɗa. Mace tana bakin ƙofa, sai ga shi. Ina abin tambaya a nan? Sabo turken wawa, ido ya saba bin layi daga hagu zuwa dama, ya tsallaka katanga ya shiga gidan mutane.

Kai, abin ma da ban dariya. Ta ta da mamaci! Ita, Inna, da ƙashin ninki da tabarau mai igiya, ta dawo wa baiwar Allah da mijinta ba tare da ta sani ba. In ta gaya wa malamar, dariya za ta yi ko kuka? Ba za ta gaya mata ba. Ko za ta gaya? Wa ya sani ko yarinyar ma ta taɓa tsayawa ta yi fatan… a'a. Ba huruminta ba ne. Kuma gaskiya a faɗe ta, ta malamar ta fi. "Na ɗauke kofin." Kalma uku, ta gama da mutum. Wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake yi, bai yi ihu ba, bai tsine wa duniya ba, kofi kawai ya ɗauke. Waƙa ce ta gaske. Sai dai ba ita ce za a kai wa mutumin da jiya-jiya ya koyi cewa "sharkaf" ba.

Saura biyu.

Ga kuma al'adar gidan nan: duk littafin da aka buga, akan ƙara ɗaya a kan adadi, na mai ninki ne. Tun zamanin uban Oga. Da shi ta tara kwali uku na littafin lissafi da ba wanda ya taɓa buɗewa. Wannan karon kuwa akwai mai jira. Likita ya ce ya fara gwada karatu da kansa, shi kuma ya ƙi jarida, ya ƙi komai, wannan yake so. Yanzu haka yana kujerarsa ta bakin taga, autarsu ta goge masa tabarau kafin ta tafi aiki, ya sa an aske masa gemu — don littafi! Zai buɗe da hannu ɗaya, ya danne da gwiwa, ya bi layin da baƙin farcen nan a hankali… kowa ya koma… ni ina bakin ƙofa… ya ja numfashi don ya kama nasa wurin — sai ya tarar an ɗauke kofi.

Ta ce ya ɓace? Ƙarya da furfura. Ta ce Oga ya hana? Zai aiko a tambaya, ta san halinsa. Ta yage shafi na biyar? Ita da ko takardar ƙunshin gishiri ba ta iya yagewa a karkace? Ko ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla: Maigida, ka ga, na yi kuskure, mutumin nan bai dawo ba… Bai dawo ba. Ta faɗa masa haka, a fuskarsa, da bakinta?

Saura ɗaya. Nata ke nan. Na ƙarshe a tulin, na mai ninki. Ta shimfiɗa shi, ta shafe da tafin hannu. Ga su nan zaune kafaɗa da kafaɗa, huɗu da sha uku, ba abin da ya dame su. Ninki uku kawai, su rabu har abada. Hannu har ya kai kusurwa da kansa — tsaya mana, kai ma!

Wa ma ya fara haɗa su zama wuri ɗaya? Ai masu inji ne. Su ke jera shafuka kafin a buga, wannan a nan, wancan a kife. Shekara talatin yana wannan jerin, har cikin barci yakan yi: ɗaya da sha shida, huɗu da sha uku… Ita ma a wurinsa ta koya, tana amarya a aikin, ya tsaya a bayanta yana warin tawada yana cewa, ke, kada ki yarda da falle, falle maƙaryaci ne, sai an ninke yake faɗin gaskiya.

Falle maƙaryaci ne.

Ranar farko — bayan dariyar, bayan tarin — ai ya yi wata tambaya. Ta sha'afa da ita saboda murnar takalmi. Da ƙyar ya haɗo ta: "A… falle… kika gani?" Ta ce to a ina kuma, ai ba a ɗinke ba tukuna. Sai ya sake fashewa, har hawaye. Ta ɗauka daɗin waƙar ne. Daɗin waƙar ne? Matar da ta ajiye kofi, ta share ƙofa sau biyu, kowa ya koma… mutum mai hankalinsa ai ya san inda irin wannan magana ta dosa. Harshensa ne ya shanye, ba kansa ba.

Kuma yau da safe, tana ɗaura mayafi, ya riƙo gefensa. "Ki kawo… nawa. Kada ki… wahala da ɗinki." Ta ce ji mutum, tausayin yatsuna yau aka fara? Ya yi murmushin nan na rabin baki, ya sake ta.

Kada ki wahala da ɗinki.

Ashe… A'a. Ko dai? Kwana tara yana kallonta tana ja masa baiti da ƙafafu biyu na mutane daban-daban, yana amsawa, yana "sharkaf" — don wa? Ita da take ganin ita ke lallaɓa shi. Wa ya zauna a bencin nan kwana goma sha ɗaya? Wa ke farkawa har yanzu ta sa hannu a ƙirjinsa ta ji ko yana motsi, tana zaton barci yake? Tsohon nan! Munafukin tsoho, baƙin hannu, farin ciki… Dariya ce ke taso mata ko mene ne wannan, ga ido ya cika, kada fa ya ɗiga a takardar.

Ƙofar titi ta buɗe, haske ya shigo. Muryar malamar ce, tana sannu, sannu, sannunku da aiki. Oga yana kira daga ofis, Inna, an gama? Ƙashin ninki yana hannun dama. Hagu yana kan fallen, yatsa ɗaya a kan huɗu, ɗaya a kan sha uku, kuma babu ko jaka a nan da zai shiga a miƙe — sai dai a naɗe shi kamar tabarma, a rungume shi a mota har gida…

Inna, an gama?