Ɗigo a Allon Dogo

Maigidana ƙaramin jirgi yake tuƙawa, yana kai magani ƙauyuka. Ni karatuna bai yi nisa ba, abin da na sani a bakinsa na ji. Ya ce idan sama ta yi garau, matuƙi da idonsa yake tafiya, ba dole ya kira masu na'urar hangen jirage ba. Amma in ya roƙa, sai su ba shi lamba ya danna, ya zama ɗigo a allonsu. Suna binsa da ido, suna gaya masa in wani jirgi ya matso. Ganin dama ne, ba a tilasta kowa.

Amininsa Dogo ne ke zama gaban allon. Muna da 'yar rediyo a kan firij, da ita nake jinsu. Da maigidana ya hango dutsen bayan filin jirgi sai ya ce, "Dogo, na ga gida. Sake ni, ka ji da manyan jirage."

"Kai dai da kunya kamar suruki," in ji Dogo.

Ranar da abin ya faru ma haka ya yi. Na ji shi, na ɗora masa ruwan wanka. Injin ya mutu a bayan dutsen, babu mai kallonsa. Kafin a gano inda ya faɗi, jini ya ƙare masa. Allah ya jiƙansa.

Autarmu ce ta gaji aikin, ban hana ta ba. Ranar tafiyarta ta farko tana ɗaure takalmi a bakin ƙofa na ce, "Kada ki sallami Baba Dogo sai kin sauka."

"Umma, ni kaɗai ce a sama? In aiki ya yi masa yawa fa?"

"Bari shi ya faɗa da bakinsa. Karar nan ce ta cinye ubanki."

Ta sumbaci goshina ta fita, ba ta ce to ba.

Da yamma na tsaya jikin firij, ban ɗora komai a wuta ba. Rediyo ta yi ƙara, sai muryarta, irin ta ubanta sak.

"Baba Dogo, na ga gida."

Na dafe firij.

"Ina jinki, 'yata."

"Ci gaba da riƙe ni. Umma na saurare."

Dogo ya yi gyaran murya. "Da ma ko kin kore ni, ba inda za ni."

Sai da na ji ta ce ta sauka, sannan na ɗora ruwan.