Ragon da Zai Tafi Bakori

Tun da hantsi tunkiyar Gwaggo Mero ta ƙi dusa. Sai kuka take yi, tana kaɗa wutsiya, tana fizgar igiya. Gwaggo ta gane rago take nema. Ta kuma san abin ba ya wuce yini da kwana. In ya wuce, sai bayan kwana goma sha bakwai, lokacin an yi layya, babu sauran ragon kirki a ƙauyen.

Haka ake yi duk shekara a wannan gefen na Dayi. Manyan raguna a ɗaure su a turke, a hana su ko shinshinar tunkiya, ƙarshe a loda su a mota. Ƙananan da aka rasa mai taya su ne ake bari suna yawo, suna barbarar uwayensu. In 'ya'yan suka fito kamar kyanwa suka mutu, sai a ce ƙaddara ce, a kama wata hirar. Tagwayen da tunkiyar nan ta haifa bara haka suka tafi, ita kaɗai ce kuma dukiyar Gwaggo.

Ta ja ta zuwa gidan Maharazu, maƙwabcinta mai kiwon turke.

"Gwaggo, ke ce a wannan rana? Har da baƙuwa?"

"Amarya na kawo wa babban ragonka."

Maharazu ya yi dariya. "Ai angon naki gobe yana kasuwar Bakori. Wata huɗu ina ɗura masa dusa da harawa, ki zo ki ramar mini da shi?"

"Wa ya taɓa ramewa a yini ɗaya? Kai da ka yi aure bara, ga tumbi nan ya rufe maka tazuge!"

"Akwai raguna a gari, Gwaggo."

"Waɗancan? Ɗaya ma ɗanta ne da na sayar tuni."

"Gaskiya ki yi haƙuri."

Ba ta ƙara roƙo ba. Ta matsa kusa da ragon, fari ƙal, ta shafa doron hancinsa.

"Hancin ubansa sak," ta ce a hankali.

Maharazu ya sunkuyar da kai. Uban ragon nan na marigayi Malam Shitu ne, mijin Gwaggo. Shi da kansa ya kawo shi gidan nan, ya bar shi kwana uku wajen tunkiyar Maharazu, ko goro bai karɓa ba.

Maharazu ya durƙusa ya kwance igiyar daga turke.

"Zuwa la'asar kawai, Gwaggo."

"Ya isa, ɗan nan. Allah ya yi albarka."

Ta kifa turmi ta zauna a inuwar rumbu, tana lissafin watanni da yatsu. Biyar. Haihuwar za ta faɗo daidai kaka, an roɗe wake, harawa ko'ina.