Jan Ƙyalle a Bakin Ramin Ƙaguwa

Kula mai ƙanƙara. Ƙananan kwalabe. Hantsaki, safar hannu, jan ƙyalle da na yayyanka. Su ne ɗaure a bayan babur ɗin Muttaka ɗan acaɓa, sa'ad da muka wuce Tsohon Birnin Gwari muka nufi Kazage, wurin kawuna Bakoji.

"Dokta, me ke cikin kular nan?" in ji Muttaka.

"Ba komai tukuna. Ƙaguwa zan zuba."

Ya yi dariya, amma ya daɗe yana kallona ta madubi.

A inda na yi karatu a waje, aikinmu a kan ƙaguwar bakin teku ne. Muna karanta ƙwayoyin gadonta, mu ga abin da ya sauya har ta iya barin ruwa ta zauna a tudu. Tamu ta rafi ma haka take: rani ya yi, ta shige rami a gefen gona ta jira damina. Ita na zo ɗauka in kwatanta.

Kawu ya bar ni na shiga fadamarsa. Duk ramin da na ciro ƙaguwa, sai in kafa tsinke in ɗaura ƙyalle, don in gane shi in na dawo. Haka aka koya mana.

Washegari da la'asar na same shi a zaure. Da ƙyar ya amsa sallamata.

"Suhaibu, wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Kawu."

"Ɗazu wasu mutum biyu suka zo a babur, ba 'yan nan ba ne. Suka tsuguna kan tsummokaranka suna murza ƙasa a tafin hannu. A ƙasar nan, mai neman zinare ne ke sa wa rami alama. Masu haƙa su biyo shi, masu bindiga su biyo su. Gona ta tafi ke nan."

"Wa ya gaya musu?"

"Wa ya kawo ka a babur?"

Na buɗe kular. "Duba, Kawu. Ƙaguwa ce kawai."

Ya leƙa, ya ɗago.

"Mutum ya ƙetare teku ya yi karatu, ya dawo kamun ƙaguwa? Ni da nake kawunka ban yarda ba. Su ne za su yarda?"

Na ce bari in je in cire alamun. Ya ce ya riga ya ƙone su, ya bi ramukan da fartanya ya baje.

Ya tashi ya tura ƙyauren zauren, ya sa sakata.

"Gobe da kaina zan kai ka tasha. Fadamar nan ba ka ƙara taka ta."