Madarar Kwakwa a Kan Wuta

Tun da likita ya hana ta duk wani abu mai nonon saniya, Malama ta rasa inda za ta sa kanta a gidan. Ba ita ce mai ciwon ba, jaririnta ne. Duk abin da ta ci mai madara sai ya bi nono ya same shi, cikinsa ya kumbura, ƙuraje su feso masa a kumatu, ya yi ta tsala ihu har muryarsa ta dushe. Mijinta ya laƙaba masa Sarkin Kuka, sunan kuwa ya bi shi.

Ta bar man shanu, ta bar yogot, biskit ma sai ta juya ledarsa ta karanta kafin ta kai baki. Wannan duk bai dame ta ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, wato kofin da take saya a wani ɗan shago kusa da makarantar da take koyar da lissafi. Latten Sifaniya suke ce masa: madarar gwangwani mai kauri da zaƙi a ƙasa, kofi mai ƙarfi a tsakiya, madara mai kumfa a sama. Da shi take shiga ajin farko kullum, tambulan a hannun hagu, alli a dama.

Ran nan da hantsi yaron ya sha nono, barci ya kwashe shi. Mijinta ya tafi aiki. Yayarta, wadda tela ce, ta zo taya ta zama, ta taho da wata riga da take wa kalmasa. Malama ta zauna kusa da ita, ta tashi. Ta je taga ta ɗaga labule, ta sake shi. Ta warware kayan jaririn da ta riga ta ninke, ta sake ninkewa. Ta ɗauki waya, ta ga malaman makarantarsu suna ta gardama kan jarrabawar da ke tafe, ta kife ta a kan kujera.

"Ke, ki zauna mana," in ji Yaya. "Sai kai-komo kike kamar kazar da ke neman wurin saka ƙwai. Jiri kike sa ni."

"Kofi zan haɗa."

"Wane kofi kuma? Ba an hana ki ba?"

"Madara aka hana ni. Kofi kam likita ya ce tambulan ɗaya ba komai."

Kicin ɗin ƙarami ne, in za ka buɗe firji sai ka ja baya ka jingina da wurin wanke-wanke. Ta fito da gwangwanin madarar kwakwa da kwalin madarar waken soya, waɗanda mijinta ya sayo tun makon jiya ta ƙi ko kallonsu. Dabarar ita ce a dafa madarar kwakwa da sukari a wuta kaɗan, a yi ta juyawa har ruwan ya ragu ta yi kauri, ta tsaya a madadin ta gwangwani. Ta juye rabi a ƙaramar tukunya, ta zuba sukari, ta kama juyawa.

Abin ya ƙi sauri. Ta ɗaga cokali, madarar na zuba tsararo kamar ba a taɓa ɗora ta ba. Ta dubi ƙofar ɗakin barci, ta ƙara wuta. Sai ta ji kamar yaron ya yi motsi. Ta yar da cokalin ta ruga, ta tarar da shi ya baje hannuwa, baki buɗe, ko gezau. Tana tsaye a kansa tana kallon numfashinsa ƙauri ya iso ta. Kafin ta koma, madarar ta taso ta malale a kan murhu, sukarin ya kama gindin tukunya ya yi baƙi.

"Wa ke ƙona mana gida?" Yaya ta ajiye ɗinki ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

Malama ta kashe wutar. Ta jefa tukunyar cikin ruwa, ta ɗauko wata, ta juye ragowar madarar. Wannan karon ta rage wuta, ta dage da juyawa, ƙafarta ɗaya na ta bubbuga ƙasa. A hankali launin ya koma ruwan zuma, cokali ya fara barin hanya a bayansa. Ta sauke.

Ta ɗauko 'yar butar kofinta ta ƙarfe, ruwa a ƙasa, garin kofi a tsakiya, ta murɗa ta ɗora. Ba a jima ba ta fara gurnani, ƙamshi ya cika kicin. Malama ta lumshe ido. Rabonta da wannan ƙamshin tun kafin ta haihu. Ta tsiyaya kofin yana tururi, ta ɗauki kwalin soya da sanyinsa ta kwarara a kai.

Nan take madarar ta tsinke. Fararen gudaji-gudaji suka taso suna yawo a saman baƙin ruwa.

Yaya ta leƙa, ta tuntsire da dariya. "Wannan shi ne abin da kike ba mu labari? Ai ko ruwan wankin kwano ya fi shi kyan gani. Mutanen Sifaniya sun sha wuya!"

"Yaya, don Allah ki bari!"

Muryar ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta zata ba. Su biyun suka juya suka dubi ƙofar ɗakin barci. Shiru. Malama ta dafa gefen murhu, ta yi ƙasa da murya.

"Tun da na haihu ban fara abu na gama ba. Wanka rabi, abinci rabi, magana ma rabi. Ina sonsa, Allah ya sani. Amma abu ɗaya nake so in fara in kai ƙarshensa, ko da tambulan ɗin kofi ne."

Dariyar ta bar fuskar Yaya. Ta ɗauki tambulan ɗin, ta zubar, ta ɗauraye, ta miƙa mata.

"To sake ɗorawa. Garin kofin bai ƙare ba ai."

Malama ta share ido da bayan hannu, ta tsaya ta yi tunani. Kofin ya yi zafi da yawa, madarar kuma daga firji take. Ta sake cika butar. Ta zuba soyar a tukunya ta ɗumama ta kaɗan, ba ta bari ta tafasa ba. Da kofin ya taso ta ajiye shi gefe ya huce. Jiran nan ya fi komai wuya. Ta goge murhu, ta jera cokula, ta buɗe firji ta rufe ba ta ɗauki komai ba.

Ba ta da abin tada kumfa, don haka ta juye madarar a wata wankakkiyar kwalba, ta rufe, ta fara girgizawa. A daidai lokacin Sarkin Kuka ya buɗe maƙogwaro. Ta dire kwalbar za ta fita, Yaya ta tare ƙofa.

"Ya ƙoshi, an sauya masa ƙunzugu. Kukan sarauta ne kawai. Na goyi huɗu kafin ki san aure, koma kan aikinki."

Ta koma. Tana girgiza kwalba, kukan na ratsa ta har ƙirji. Ta zuba madarar kwakwa mai kaurin a gindin tambulan, ta bi da ta soyar, sannan ta tsiyaya kofin a hankali ta bayan cokali. Bai tsinke ba. Ta kwashe kumfar ta ɗora a sama.

Yaya ta fito da yaron a kafaɗa, yana ta shessheƙa. Ta sa ɗan cokali ta ɗanɗana.

"Ba laifi. Zaƙi kamar bakin saurayi." Ta turo mata takalmi da ƙafa. "Ɗauki mayafinki ki fita. In kika sha a nan, rabi za ki sha."

"Ina zan je?"

"Titi. Ba a rufe shi ba."

Ta sauka daga benen gidansu tana riƙe da tambulan da hannu biyu. Rana ta kashe mata ido. Mai gyaran taya yana ta bugun ƙarfe, wata mota ta tsaya tana sauke mutane. Ta tsaya ƙarƙashin rumfar wani shago ta kurɓa. Ba irin na shagon makaranta ba ne. Kwakwar ta yi gaba, kofin na biye, kumfar har ta fara kwanciya. Ta sake kurɓa. Gobe za ta rage sukari, ta ɗan barbaɗa gishiri.

Ko a nan kunnenta bai huta ba. Wani kafinta ya kunna injin yankan katako, ta ji kamar kukan yaron ne. Ta juya za ta koma, ta fasa, ta yi gaba har kwana, ta sake tsayawa. Ta ciro waya ta kira gida.

"Ya yi shiru, yana kallon fanka," in ji Yaya tun kafin ta tambaya. "In kika dawo yanzu ba zan buɗe miki ba."

Sai ta zagaya layin baya, wanda ba ta taɓa bi ba duk zamanta a unguwar. Ta wuce mai wanki da guga, ta wuce wani gida da ake wa fenti. A bakin wani shagon sayar da takalma ta karkata tambulan, mai kaurin da ya kwanta a gindi ya gangaro a hankali, ta shanye tas.

Da ta dawo, da gudu-gudu ta hau benen. Ta tarar da yaron ya yi barci a ƙirjin Yaya, ita kuma ta kafe a kujera ba ta ko motsi don kada ya farka. Yaya ta ɗaga gira, ta yi raɗa.

"Akwai ragowar mai kaurin nan?"

"Akwai."

"To haɗa mini. Amma ni a babban tambulan."