Allon Ofishin Lauya

Ƙanena ya ɗauki 'yata tana da shekara bakwai, ya sa ta makaranta da sunansa.

Ni na yarda ya ɗauke ta, ba zan yi ƙarya ba. A lokacin ɗaki ɗaya gare mu a bayan shagon walda, yarinyar tana fama da tari saboda hayaƙi, makarantar kirki kuma tana kusa da gidansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sunan. Ranar rajista aka tambayi sunan uba, ya faɗi nasa. Wai don sauƙin takardu. Yau shekara talatin da ɗaya. Duk takardar da ta samu, tun daga ta firamare har ta zama lauya, sunansa ne a bayan nata. Ita kaɗai Allah ya ba ni. Shi yana da biyar.

Tsito muke ce masa a gida saboda ƙanƙantarsa. Ni na tsaya a aji uku na kama ƙarfe, shi ya zarce. Ba don kansa ya fi nawa ja ba. An duba wanda hannunsa ya isa aiki ne, aka cire ni.

Ya fara da majistare a wani ɗaki mai yoyo, ana ajiye bokiti kusa da akwatin shaida. Ni na yi wa ɗakin ƙarafan taga. Shekara tara yana raba faɗan maƙwabta da shari'ar ɓarayin kekuna. Aka ɗaga shi Babbar Kotu. Aka sake ɗaga shi Kotun Tarayya, aka ba shi mota da direba da ɗan sanda. Daga ranar sunana ya ɓace a layinmu. Mai kawo ƙofa gyara ba ya cewa shagon mai walda, sai dai shagon yayan Mai Shari'a. Ni da na share masa majina.

Na nemi aibinsa, ban ɓoye ba. Wani ɗan kwangila da ke da shari'a a gabansa ya taɓa aika masa sabuwar mota. Tsito ya sa aka mayar, ya kuma faɗa a zaman kotu. Jaridu suka ɗauka. Matata ta yini tana murna. Ni na koma shago na yi ta dukan wani ƙarfe da ba ya buƙatar duka. Da ya karɓa, da na samu abu ɗaya da na fi shi.

Watan jiya ya kai shekarun ritaya. 'Yata ta kawo mini katin gayyata da kanta. Lauya nake ce mata tun tana ƙarama saboda bakinta, ga shi ta zama ta gaske.

"Baba, za a yi zaman bankwana a kotu. Abba ya ce lallai ka zo."

Shi ne Abba. Ni Baba, kamar yadda take ce wa mai gadin ofishinsu.

Na ce, "Ina da aiki."

Matata ta leƙo ta ƙofar baya. "Wane aiki? Ƙofar mai kanti da ka yi wata biyu kana zagaya ta? Zai je. Na riga na goge masa kaya."

"Da ke ake magana?"

"Da ni ake, tunda ni zan sha ƙunƙunin in ba ka je ba."

Na je.

Ɗakin kotun duk katako ne mai sheƙi, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Lauyoyi maƙil, baƙaƙen riguna da farar hular gashi. Na duba ƙarafan tagogin. Aikin banza, an ɗan liƙa ne aka rufe da fenti. Na zauna a bencin gaba, tunda ni ne babba a gidanmu. Wani ɗan sanda ya sunkuyo ya ce nan wurin manyan lauyoyi ne, iyali suna gefe. Na ce ni yayansa ne. Ya ce ya ji, amma dai gefe. A gefen ma matarsa da 'ya'yansa da surukai sun cika layin farko. Muka samu na uku.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa sau uku, kowa ya miƙe. Ban san dalili ba, na miƙe. Sai ga Tsito ya shigo cikin jar riga tare da sauran alƙalai. Ashe shi na tashi wa. Ya rusuna, ɗakin duka ya rusuna. Ni ban rusuna ba, amma na riga na tashi.

Awa biyu ana yabonsa. Wani tsohon lauya ya ba da labarin ma'aikata ɗari huɗu da wata hukuma ta kora ba bisa ƙa'ida ba. Tsito ya yi awa uku yana karanta hukunci, ya mayar da su bakin aiki, aka saka masa da canjin wuri zuwa nesa. Gaskiya ne, ni na ɗaure masa kaya a babbar mota. Wani ya ce da wuya kotun sama ta rushe hukuncinsa. Wata ta ce shekara ashirin bai taɓa shiga kotu bayan ƙarfe tara ba. Yana yaro da ruwan sanyi nake tashinsa. Ba wanda ya tambaye ni.

Sai aka ce babbar 'yarsa za ta yi magana a madadin iyali. Lauya ta tashi. Tsayin uwarta, goshina. Ta ce, "Mahaifinmu ya koya mana..." Ban ji sauran ba. Ina kallon Tsito yana gyaɗa kai daga can sama.

Da aka zo kansa, ya gode wa kowa, har masu shara. Sannan ya ajiye takarda.

"Akwai mutum ɗaya a ɗakin nan da ya bar makaranta don ni in zauna a ciki. Ya ba ni karatu, ya ba ni 'ya. Yaya, don Allah tashi su gan ka."

Aka hau tafi. Matata ta zungure ni da gwiwar hannu. Na tashi karo na biyu. Aka juyo ana kallona kamar an fito da tsohon hoto daga akwati. Wata a gabana tana share hawaye tana cewa, dubi sauƙin kan Mai Shari'a. Har godiyar ma shi ta ƙara wa tsawo. Kuma ni ban ba shi 'ya ba. Riƙo na ba shi.

Ranar Talata da hantsi ina yankan rodi, mota ta tsaya a ƙofar shago. Tsito ke tuƙi, saura kaɗan ya hau kan ƙofar mai kanti. Lauya ta fito ta ɗaya gefen da takarda a hannu.

"Yaya, barka da aiki."

"An ƙwace direban ke nan?"

"Har ɗan sandan."

"To ka koyi taka birki."

Ya yi dariya, ya share benci da hankici ya zauna. Ya tsufa. Ba tare da jar rigar ba, Tsito ne kawai mai furfura. Ya ce Lauya ta bar inda take aiki, za ta buɗe ofishin kanta. Ya ba ta littattafansa duka, ɗaki guda. Saura allon da za a kafa a ƙofa.

Ta ce, "Na ƙarfe nake so, Baba, ba na roba ba. Na ce ba wanda zai yi sai kai."

Na kashe inji, na ɗaga tabarau, na karɓi takardar. Karatuna bai kai ko'ina ba, amma shekara hamsin ina yanka haruffa. Sunansa kuwa na san shi, ni na yanka shi a ƙofar gidansa.

"Wannan fa?"

"Sunana ne, Baba."

"Na farkon naki ne. Na biyun fa?"

Ta dubi Tsito. Shi ya amsa.

"Yaya, lauya ba ya buɗe ofis sai da sunan da ke cikin rajista. Ƙa'ida ce."

"Wa ya sa shi a rajistar?"

"Ni."

"Ba a gyarawa? Ko gyaran na wasu kawai kuka iya?"

"Ana gyarawa. Takardar rantsuwa, sanarwa a jarida, sai a rubuta wa magatakarda. Wata biyu zuwa uku." Ya cire tabarau ya murza ido. "Laifina ne. Ina da ƙuruciya, ina gaggawa, ban tambaye ka ba. Daga baya kunya ta hana ni tayar da maganar. Kai kuma ba ka taɓa cewa komai ba."

"In roƙe ka abin da yake nawa?"

"A'a. Ba ka roƙa ba. Kawo takardar."

Ya juya bayan takardar, ya ɗora a gwiwa, ya zaro alƙalami ya fara rubutu. Ya ce da hannunsa zai tsara rantsuwar, ita sa hannu kawai za ta yi.

Ya kamata in ji daɗi. Shekara talatin ina shirya faɗan nan, ina tara abin da zan faɗa masa. Ya miƙo mini cikin minti ɗaya, kamar mai kyautar tsohuwar riga. Gobe kuma za a ce, dubi adalcin Mai Shari'a. Amma ban hana shi ba. Na riga na fara auna allon a raina. Ƙafa shida, baƙin fenti, fararen haruffa, nawa sunan a bayan nata, a kan babban titi.

Lauya ta ɗora tafin hannu a kan takardar. Alƙalamin ya tsaya.

"Kun gama? Ku biyun nan kun sake yanke hukunci a kaina, ba wanda ya ce ke fa."

Ya ce, "Haba 'yata..."

"Bari, Abba." Ta juyo gare ni. "Sati guda na yi ina kuka a gidansa, ina leƙen taga ko za ka zo ka ɗauke ni. Ba ka zo ba. Na haƙura, na saba. Shekara goma sha biyu ke nan ina tsayawa gaban alƙalai da sunan nan. Da shi aka yi mini tsawa, da shi na faɗi, da shi na ci. Duk wanda ya kawo mini shari'a da shi ya neme ni. Ba na Abba ba ne yanzu, nawa ne."

"Ni na haife ki."

"Na sani. Ban taɓa musu ba. Shi ya sa na kawo maka aikin."

"Aikin yanka sunan wani."

Matata tana tsaye a ƙofar baya da tsintsiya. Tsito ya miƙa wa Lauya alƙalamin.

"Ki yi wa Yaya wannan. Ni na ɓata, ni ke roƙonki."

Ba ta karɓa ba. Na cire safar hannu na ajiye a kan inji. Ban taɓa roƙon kowa ba, kuma ban san yadda ake farawa ba.

Na ce, "Sa hannu, Lauya."

Ta zare takardar daga gwiwarsa, ta ninke ta biyu, ta sa a jaka.

"A'a, Baba. Ba zan canja ba."